Mai Ciwon Hanta a Gida: Shawarwari Kan Ci da Sha a Garwa da Kewaye, Daga Kaka Zuwa Damina

A gidajenmu da yawa, ranar da aka dawo daga asibiti da takardar gwaji mai nuna ciwon hanta, ranar ake fara janye wa mutum abinci. Goggo ta ce kada ya sake taɓa mai, maƙwabci ya ce shi da nama sai a lahira, wani ya ƙara da ƙwai da madara. Kafin wata biyu sai ka ga magidanci ya koma kan kunu tsararo da ruwan rake, wuya ya zurma, damatsa sun zube, ana cewa ciwo ya ci shi, alhali rabin abin yunwa ce. A daidai wannan lokaci gyaɗar da ta yi fumfuna tana shiga miyarsa kullum, kuma ga kwalbar jiƙo a ƙarƙashin gado ba wanda ya san abin da ke cikinta.

Lamarin ba na gida ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C. A Kamaru, bincike daban-daban ya nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi goma yana ɗauke da nau'in B, kuma yankunan arewa suna cikin inda abin ya fi yawa. Da wuya a sami zuri'a a Garwa, Marwa ko Gidar da babu mai shi a cikinta, ko an sani ko ba a sani ba. Ga abin da ya kamata masu riƙe da tukunya da masu cefane su sani.

1. A fara sanin wane iri ne, kuma ina ya kai. Nau'in A da E ta ruwa da abinci marar tsabta suke shiga, su yi makonninsu su wuce. Nau'in B da C ta jini suke bi, kuma suna iya zama a jiki shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. Ta fuskar abinci, masu ciwon kashi uku ne. Akwai mai ɗauke da ƙwayar cutar amma hantarsa na aiki lafiya: wannan zai ci abin da gida ke ci, sai 'yan abubuwan da za a kiyaye. Akwai wanda ciwon ya taso masa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, zuciya na tashi: a ba shi abin da ransa ya karɓa, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, da ruwa mai yawa. Sai kuma wanda hantarsa ta yi tabo ta taurare, abin da likitoci ke kira sirosis, wanda shi ne ya fi kowa buƙatar kulawa. Ba a gane wannan bambanci da ido, sai da gwajin jini da hoton ciki. Asibitin Yanki na Garwa da reshen Cibiyar Pasteur da ke garin suna daga wuraren da ake zuwa gwaji. Nau'in C yanzu yana warkewa da ƙwayoyin da ake sha na kimanin mako 12, nau'in B kuma ana danne shi da magani irin su tenofovir ga wanda likita ya ga yana buƙata. Babu ganye, babu saiwa, babu abincin da ke kashe ƙwayar cutar. Aikin abinci shi ne ya riƙe jiki, ya kuma rage wa hanta wahala.

2. Kada a ware masa kwano. Nau'in B da C ba sa bin tuwo, ba sa bin kofi ko cokali, ba sa bin gumi ko musabaha. Mutumin da aka ware wa akushi aka tura shi lungu, cin abincinsa raguwa yake yi, don baƙin ciki na toshe maƙogwaro. Abin da za a ware masa shi ne reza, askar wanzami, abin yankan farce da buroshin haƙori. Sauran mutanen gida su je a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Tun 2005 allurar nau'in B ta shiga jerin rigakafin yara a Kamaru, to duk wanda aka haifa kafin nan ya ɗauka bai samu ba. Mai juna biyu da ke ɗauke da cutar ta faɗa wa ungozomar asibiti tun da wuri, domin a nemi yi wa jariri allura cikin awa 24 na farko, kuma ta shayar da ɗanta nono ba fargaba.

3. Kaka: nan ne babban aiki yake. Idan da shawara ɗaya kaɗai za a ɗauka cikin wannan rubutu, to a ɗauki wannan. Gyaɗa da masara suna isowa gida a watan Satumba da Oktoba, lokacin da sama ba ta gama ɗauke ruwa ba. A tuge gyaɗa a tara ta tsibi a gona, yayyafi ya sauka a kanta da dare, rana ta buge ta da safe, a kwaso a zuba a buhun leda tana da sauran danshi. Cikin kwanaki fumfuna ta kama ta. Wata irin fumfuna, mai launin kore-kore da rawaya, tana fitar da dafin da ake kira afalatoksin, kuma hanta ce wurin da wannan dafi ke sauka. Masana sun tabbatar yana haddasa kansar hanta, kuma idan ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin na iya kaiwa ninki 30 na wanda ya ci dafin ba shi da cutar. Tafasa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi. A gabashin Kenya a 2004, masarar da aka adana da danshi ta kashe mutum 125.

Maganin abin kuwa yana hannun manomi da matarsa, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ƙasar Gini, a ƙauyukan yankin Kindiya, an gwada matakai masu sauƙi: tsince gyaɗa da hannu, shanya a kan tabarma, busarwa sosai, zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna dafin da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da maƙwabtansu. Don haka:

A tuge gyaɗa da zarar ta nuna, a kife ta 'ya'yan suna kallon sama, kada a bar ta tsibi. A shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa ba, a kwashe kafin raɓar dare. Gyaɗar da ta bushe, in ka girgiza kwanson za ka ji tana kaɗawa. Masarar da ta bushe, in ka ciza za ta fashe da ƙara, ba ta lotsa ba. Mai son tabbaci ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba masara da ɗan busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza ya ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar da ita rana. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango.

Sai tsinta. A zauna da faifai a cikin haske, a fitar da duk ƙwayar da ta yamutse, wadda ta yi baƙi, wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta fashe ta canza launi. Na san abin da ke da wuya a nan: zubar da abin da aka sha wahalar nomawa. Uwargida za ta ce a soya a yi ƙuli da su, ai ba a asarar abinci. To a cikin waɗannan 'yan ƙwayoyin ne mafi yawan dafin ya taru. A binne su ko a ƙone. Kada ma a ba saniyar da ake tatsa, domin dafin na fitowa ta nono.

4. Wanda ba ya noma, ya lura da abin da yake saye. Niƙaƙƙiyar gyaɗar miya da ƙuli-ƙuli da garin masara sun riga sun ɓoye asalinsu. Ba ka ganin ƙwayar da aka niƙa. Gidan da ke da mai ciwon hanta gara su sayi gyaɗa tsaba a kasuwar Garwa ko ta Pitowa ranar Lahadi, su duba da idonsu, su sansana, su tsince, su kai inji da kansu. Tsabar da aka karya wa farashi saboda ta farfashe, arharta ba riba ba ce. Duk gyaɗar da aka tauna aka ji ɗaci, a tofar. Man da aka tace a masana'anta, kamar man auduga na Diamaor da kamfanin Sodecoton ke yi, tacewar na cire mafi yawan wannan dafi. Wanda aka matse a gida kuwa ingancinsa na bin ingancin gyaɗar da aka yi shi da ita. Kuma kada tuwon masara ya zama shi ne safe shi ne dare duk shekara. Gero da dawa ba su cika kama wannan fumfuna kamar masara ba, ga shinkafa, ga dankali, ga rogo. Sauya hatsi kariya ce.

5. A mayar masa da nama, kifi, wake da ƙwai. Hana mai ciwon hanta abinci mai gina jiki tsohon ra'ayi ne da likitocin hanta suka bari. Hanta na buƙatar furotin don ta gyara kanta, kuma mai sirosis ya fi lafiyayye buƙatarsa: giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyin jikinsa a yini. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 72 zuwa 90. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6, kofin kindirmo kusan 8, kofin dafaffen wake kusan 14, yankan kifi ko nama kamar tafin hannu kusan 20. In ka lissafa za ka ga mai shan kunu kaɗai bai ko kama hanya ba.

Allah ya hore wa wannan yanki kifi. Ga Binuwai a bakin gari, ga tafkin Lagdo da aka kammala madatsarsa a 1982, ga na Maga can wajen Marwa. Ƙarfasa, tarwaɗa, giwan ruwa, duk suna da kyau, a dafa su dahu sosai. In aljihu bai kai kifi ba, wake na nan: alala, ɗanwake, wake da shinkafa, faten wake, awara. Banda kuwa a duba ta da kyau, musamman da damina. Wadda ta yi fari-fari a ciki ko take warin maganin ƙwari a bar ta, sauran a wanke da ruwan zafi. Mai ma ba a hana shi gaba ɗaya. Cokali ɗaya ko biyu a miya ba laifi. Abin gudu shi ne kitse, da man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi.

6. Hunturu lokacin ƙiba ne, a yi amfani da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu lambunan bakin Binuwai suna cika kasuwa da tumatir, albasa, karas, kabeji da latas, dawar masakuwa kuma tana isowa daga gonakin karal a bushe ƙayau, don ba ta ga ruwan sama ba. Sanyi na buɗe ciki, to wanda ya rame wannan ne lokacin mayar da jiki. Ɗanyen ganye a wanke shi da ruwa mai tsabta sau da yawa, mai sirosis kuwa gara a dafa masa. Iskar hunturu na busar da jiki ba tare da an ji ƙishi ba, sai ciki ya ɗaure. Ga mai sirosis ɗaurewar ciki ba ƙaramin abu ba ne, domin guba na taruwa a hanji ta hau kai ta rikita hankali. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, kunun tsamiya da gwanda suna taimakawa. A wannan lokaci ne kuma ya dace a busar da tumatir da kuɓewa a killace, tun kafin su yi tsada.

7. Bazara: ruwa, amma wane ruwa? Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafin da ke haura maki 40, kwalta na tururi, dare ma ba sauƙi. Mai ciwon hanta da ƙodarsa ke lafiya ya sha ruwa har fitsarinsa ya yi haske. Mai shan tenofovir ya ƙara kula, don maganin ta ƙoda yake fita, kuma ƙoda ba ta son ƙishi. Wanda cikinsa ya tara ruwa ko ƙafafunsa suka kumbura, shi likita ne zai faɗa masa gwargwado.

Matsalar bazara ita ce ƙishi ba ya tambayar asali. Zoɓon leda, ƙanƙarar bakin hanya, nonon da aka tsinka da ruwan da ba a san daga ina aka ɗebo ba, duk hanyoyi ne da nau'in A da E da taifot ke bi. Lafiyayye zai iya kwanciya mako biyu ya tashi. Mai tsohon ciwon hanta in sabon ciwo ya hau kan tsohon, hantar na iya gazawa gaba ɗaya. A haɗa zoɓo a gida da tafasasshen ruwa, haka ruwan tsamiya da kunun zaƙi. Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da kindirmo.

Sai batun sukari. An saba cewa mai shawara ya yi ta shan rake da ruwan gulukos. Ga wanda amai ya hana shi cin komai na kwana biyu, hakan na riƙe shi. Amma a mayar da shi abincin wata da watanni kuskure ne. Sukari mai yawa kitse yake komawa a cikin hanta, kitsen kuma wani ciwon ne a kan ciwo. Lemon kwalba da shayin da ake zuba wa sukari har cokali ya kusa tsayawa, a rage su sosai. Mangwaro na shigowa daidai wannan lokaci. Ɗaya ko biyu a yini alheri ne, a wanke a fere, sai dai mai ciwon sukari ya nemi shawarar likitansa. Kofi marar sukari kuwa, bincike da yawa ya nuna masu shansa ba su cika samun taurin hanta ba, don haka wanda ya saba ba sai ya bari ba.

8. Azumi: a tambayi likita kafin a ga wata. A 2025 Ramadan ya cika watan Maris, kuma yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, wato yana shiga sanyi. Duk da haka yinin Garwa awa 13 ne ko fiye ba ci ba sha. Mai nau'in B ko C da hantarsa ke aiki daidai yakan iya azumi, ya mayar da shan maganinsa lokacin buɗa-baki ko sahur, a sa'a guda kullum, kada ya tsallake ko kwana ɗaya. Dakatar da tenofovir kai tsaye na iya tayar da ciwon da ƙarfi. Amma wanda ya taɓa aman jini, ko cikinsa ya tara ruwa, ko idonsa ke rawaya, ko hankalinsa ya taɓa rikicewa, azumi haɗari ne gare shi. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, malamai sun yi bayanin ramuwa da ciyarwa. 'Ya'ya su taimaki dattijo ya karɓi wannan sauƙi, su kawo masa malamin da yake girmamawa ya gaya masa da bakinsa, domin kunyar a ga yana ci da rana ta kwantar da mutane da yawa. Mai azumi kuma ya jinkirta sahur, ya sa wake ko ƙwai ko kindirmo a ciki, kada buɗa-baki ya zama ƙosai da soye-soye zalla.

9. Naman layya. A shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa farkon damina, iska da danshi. Naman da aka rataya bai bushe ba yana yin fumfuna, wanda aka soya aka nutsar a kitse aka zuba gishiri kuma bai dace da mai sirosis ba. A ɗebar masa tsoka marar kitse, a yi masa farfesu ko gashi da ya gasu har ciki. Hantar rago ya ɗanɗana kawai. Cin hanta ba ya gyara hanta, kuma tana da sinadarin ƙarfe da bitamin A masu yawa waɗanda hanta mai ciwo ba ta son su taru mata.

10. Damina na zuwa da arziki da haɗari tare. Haɗarin ruwa ne. Idan kogi ya cika ya batse, kamar ambaliyar 2012 da ta raba dubban mutane da gidajensu a arewacin Kamaru, ko waɗanda suka auka wa Yagwa a 2022 da 2024, masai da rijiya sukan haɗe. Ta haka nau'in E ke ɓarkewa. An gan shi a Am Timan ta Chadi a 2016, a Difa ta Nijar da Ngala ta Borno a 2017, duk maƙwabtanmu ne. Ya fi tsananta ga masu juna biyu: a watannin ƙarshe na ciki yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu. Ruwan sha a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti guda, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa a jira rabin awa. Sannan a dubi randa. Sau da yawa ruwan ya shigo da tsabta, moɗa ce ke ɓata shi: yaro ya ɗauka ya sha, ya ajiye a ƙasa, wani ya ɗauka ya sake tsomawa har da yatsu. A samu moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a sama, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, randa kuma a rufe ta, a wanke ta duk mako. Abincin da ya kwana a ɗumama shi ya yi zafi har tsakiya.

Masunta da masu noman shinkafa da yaran da ke iyo a Lagdo da fadamu su tuna da tsargiya. Wani nau'inta a jijiyoyin hanta ƙwansa ke maƙalewa, ya yi mata tabo. A yi gwaji, a sha maganinta in an samu.

Arzikin kuwa ganye ne. Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, amma ga zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, alayyafo da ganyen wake ko'ina. A yi kwaɗo, a yi miya, a yi dambu. Kwaɗon dai da ƙulin da aka san asalinsa za a yi shi, domin gyaɗar da ta kai Agusta a ajiye ita ce mafi hatsari a duk shekara. Gidan da ke da hali ya ɓoye mudu biyar ko goma na wake tun kaka a jarka mai murfi saboda marar lafiya, don a watannin nan ne masu ciwo ke zubewa.

11. Gishiri, magi da kanwa. Wannan ya fi shafar mai kumburin ciki ko ƙafa. Gishiri na riƙe ruwa a jiki, kuma abin da ake so kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda a shafe, har da wanda ke ɓoye cikin burodi, kilishi, yajin tsire da kifin gwangwani. Magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar gidan ce, don haka kunun kanwa da kanwar da ake jefa wa wake ko miyar kuɓewa a bar su. Wake a jiƙa shi tun dare, zai dahu ba kanwa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce uwargida ta ɗebi miyar marar lafiya kafin ta sa gishiri da magi a tukunya, ta ɗaga tasa da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da lemon tsami. Kada dai a tsananta har abinci ya zama lami ya ƙi ci, domin rashin ci ya fi ɗan gishiri illa.

12. Giya, ko kurɓi ɗaya. Bilbil, arki, ta kwalba, ta leda, duk ɗaya ne ga hanta mai ciwo. Babu gidan da ya fi ƙarfin wannan magana. Akwai samari masu sha a ɓoye, kuma wasu magungunan ƙarfin maza da na basir da ake tallarsu a kwalba da barasa aka jiƙa su.

13. Jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin bakin hanya. Duk abin da aka haɗiya, hanta ce ke tace shi, ko daga daji ya fito ko daga kanti. Ana dafa wa mai shawara rawaya, ɓawon maɗaci, rai-ɗore da wasu saiwoyi, kuma da yake nau'in A da E da kansu suke warkewa, sai a ce jiƙon ne ya yi aiki. Ga mai nau'in B ko C, ido na iya washewa ƙwayar cutar tana nan tana aikinta. Wasu tsirran ma da kansu guba ne: 'ya'yan rai-ɗore sun kashe yara da dama a arewacin Indiya ta hanyar lalata musu hanta. Ba raina gadon iyaye nake yi ba, amma jiƙo ba shi da awo, kuma hanta mai rauni ba wurin gwaji ba ce. Wanda ya riga ya sha, ya gaya wa likita gaskiya, har ya kai masa samfurin.

Haka ƙwayoyin da ake saye a faranti. Damina lokacin zazzaɓin sauro ne, mutum ya yi ta haɗiyar farasitamol biyu-biyu, ga maganin mura shi ma da farasitamol a ciki. Mai sirosis kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500. Ibuprofen da diclofenac da asfirin ya nisance su, don suna jawo zubar jini a ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Maganin ƙarin jini ma sai an gwada an ga yana buƙata.

14. Lomar dare da ta asuba. Lafiyayyar hanta rumbu ce, tana ajiye abin da jiki zai ci cikin dare. Wadda ta taurare ba ta iya ajiya sosai, sai jiki ya koma cin tsokarsa kafin gari ya waye. Shi ya sa ake son mai sirosis ya ci wani abu kafin ya kwanta: fura da kindirmo, kunun gyaɗa mai kyau, dafaffen ƙwai da ɗan burodi, ko dankali. Da asuba kuma kada ya jira sai hantsi. A riƙa auna nauyinsa duk wata, amma a dubi damtse da cinya, don ruwan ciki na ƙara kilo alhali mutum ramewa yake yi. Wanda likita ya sa wa hoton ciki duk wata shida kada ya fasa ko yana jin garau. Idan kuwa aka ga aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko barcin rana da rikicewar magana, ko zazzaɓi da ciwon ciki ga mai kumburi, ko rawayar ido ga mai juna biyu, a ajiye kunu da jiƙo a nemi abin hawa zuwa asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.